Yadda Ake Hawan Keke Cikin Damina a Bauchi, Daga Zuwa Aiki Har Zagayen Ranar Keke

Ranar 3 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce Ranar Keke ta Duniya, wadda Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita a watan Afrilu na shekarar 2018. A ƙasashen Turai ranar tana faɗowa ne a farkon lokacin ɗuminsu, sa'ad da kowa ke marmarin fita waje, amma a nan Bauchi tana zuwa ne daidai lokacin da damina ke kankama, manoma na shuka, hadari kuma na iya haɗowa cikin ɗan lokaci kaɗan ya rufe gari. Saboda haka duk makaranta ko unguwa ko ƙungiyar matasa da ta yi niyyar raya wannan rana da zagayen gari a kan kekuna, dole ta sa ruwan sama cikin lissafinta. Haka ma ma'aikaci ko ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya koma wa keke tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, domin shi ba rana ɗaya yake hawa ba, zai sha ruwan Yuni, ya sha malkar Agusta, har zuwa ƙarshen damina a wajajen Oktoba.

Da zarar an haɗa keke da ruwan sama a zance, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne rigar ruwa. A ganina wannan shi ne kuskuren farko, domin jiƙewa ita ce mafi sauƙin abin da damina ke yi wa mai keke, kuma wanda ya jiƙe zai bushe. Abubuwan da ke kai mutum asibiti su ne birkin da ya ƙi kamawa, da direban da bai hango shi ba, da ramin da ruwa ya ɓoye, da kuma taurin kan da ke hana shi sauka a lokacin da ya kamata ya sauka. A kan wannan tsari na jera matakan da ke tafe.

Mataki na farko: kai keken wurin mai gyara tun da sauran lokaci

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin ranar zagaye, ko kuma da zarar an yi ruwan farko idan kai mai zuwa aiki ne kullum, ka kai keken wurin mai gyara, ka tsaya a kansa, kada ka ajiye ka tafi. Ka fara da birki. Yawancin kekunan da ke yawo a garin nan, tsofaffin Raleigh da Phoenix da kuma na gwanjo masu giya, birkinsu roba ce guda biyu da ke matse rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa. Idan rim ya jiƙe, ruwa yana shiga tsakaninsa da robar, sai ka matse birki ka ji kamar ba ka taɓa komai ba, har sai tayar ta juya sau ɗaya ko biyu robar ta share ruwan, sannan ta fara kamawa. Wannan matsala ta fi tsanani a rim na ƙarfe mai sheƙi irin na tsofaffin kekuna, ta fi sauƙi a na alminiyam, ta kuma fi sauƙi ƙwarai a kekunan da ke da birkin faifai a tsakiyar taya. Ya kamata mai keke ya san irin wanda yake da shi, domin shi ne zai gaya masa nisan da yake buƙata kafin ya tsaya.

Ka duba robar birkin da idonka. A jikin sabuwa akwai 'yan tsagogi, kuma idan sun shafe ta zama sumul, ko ta bushe ta yi tauri saboda zafin bazara, a canza ta gaba da baya. Kuɗinta bai kai na rigar ruwa ba. Ka sa mai gyaran ya daidaita ta yadda za ta zauna sosai a jikin rim, ba ta taɓa taya ba, ba ta kuma zame ƙasa ba. Sannan ka matse hannun birkin da ƙarfi: idan ya tafi har ya taɓa kan keken, wayar ta saki, a ja ta, idan kuwa ka ga zaren wayar ya fara tsinkewa ko ya yi tsatsa, a sa sabuwa, domin waya ba ta tsinkewa sai a ranar da aka matse ta da iyakar ƙarfi. Akwai ɗabi'ar da ta yi yawa a tsakanin yaranmu, ta cire birkin gaba gaba ɗaya, ko tafiya babu birki ana tsayawa da tafin silifa a jikin taya. A rani ma ganganci ne, balle a jiƙaƙƙiyar kwalta. Duk wanda ya zo zagaye da irin wannan keke, a gyara masa a wurin ko a ba shi haƙuri.

Daga birki sai taya. Tayar da ta sule, ko wadda gefenta ya tsattsage, ta fi saurin yin faci a damina, saboda ruwa yana kwaso ƙusoshi da fasassun kwalabe da ƙaya ya zube su a bakin titi, daidai inda mai keke ke bi, kuma jiƙaƙƙen gilashi ya fi saurin huda roba. Game da iska, masu faci sun saba cika taya har ta yi tauri kamar dutse. A lokacin ruwa ka rage kaɗan, yadda idan ka danna da babban yatsa za ta ɗan motsa, domin hakan yana ƙara faɗin robar da ke taɓa ƙasa. Kada ka rage da yawa, don idan ta yi laushi ka faɗa rami, rim zai cije tiyub ya huda shi wuri biyu.

Kaca tana son mai, amma ba baƙin mai ba. Na san shi ne mafi araha, kusan kyauta ma ake samunsa a gareji, sai dai cike yake da dattin inji, yana kama yashi, yashin kuma ya riƙa cin kacar da haƙoranta kamar fayil. A wanke kacar da kananzir, a goge ta, a ɗiga mata sabon man inji kaɗan-kaɗan ana juya feda baya, sannan a sa tsumma a share wanda ya yi saura a waje. Man keken ɗinki yana aiki, amma ba shi da kauri, ruwa ɗaya ke wanke shi. Ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa rim ko robar birki.

Madigadi kuwa, wanda samari ke cirewa don keke ya yi kama da na tsere, a mayar da shi. Mafi yawan dattin da ke ɓata kayan mai keke daga ƙasa yake tasowa, tayar baya ta zana masa layin taɓo daga ƙugu har ƙeya, ta gaba kuma ta watsa masa ruwan kwata a fuska da takalmi. A zagayen jama'a madigadin baya ladabi ne ga wanda ke biye da kai.

Abu na ƙarshe a wurin mai gyara shi ne fitila: fara a gaba, ja a baya. Amfaninta da rana tsaka shi ne a gan ka, domin idan hadari ya rufe, gari yana yin duhu kamar magariba, gilashin mota ya yi hazo, direba kuma yana duban manyan abubuwa ne kawai. Ƙananan fitilu masu caji sun wadatar. Tsohuwar fitila mai injin da ke gogar taya tana zamewa idan tayar ta jiƙe, tana kuma mutuwa da zarar ka tsaya, wato a mahaɗar hanya inda ka fi buƙatarta. Ka tabbatar ƙararrawa tana kaɗawa, ka kuma liƙa abin ƙyalli a bayan madigadi da jikin feda.

Mataki na biyu: shirya jikinka da kayanka

Yanzu ne maganar rigar ruwa ta zo. Wadda ta fi dacewa ita ce mai riga da wando, mai launi mai haske kamar rawaya ko ruwan lemo. Babbar nan mai kama da mayafi, wadda masu babur ke rufa da ita, tana kama iska kamar tanti, kuma iskar da ke gaban hadari za ta iya tura ka tsakiyar titi da ita. Gefenta kuma yana iya shiga taya. Hular rigar ruwa tana rufe gefen ido tana toshe kunne, har ka waiwaya ka ga cikin hular maimakon motar da ke bayanka, saboda haka ka tsuke ta sosai ko ka bar ta. Abin da ya fi shi ne hular kwano, a ƙarƙashinta kuma hana-salla, don bakinta ya tare maka ruwa daga ido. Lema ba ta da wuri a kan keke ko kaɗan, domin tana cinye hannu ɗaya, tana rufe gaba, iska kuma tana fizgar ta.

Tufafinmu na gida suna buƙatar dabara. Kaftani da jallabiya da dogon hijabi idan suka jiƙe suna yin nauyi, su manne a ƙafa, bakinsu ya sauka kusa da kaca. A naɗe su a soke a ƙugu, a tsuke ƙafar wandon dama da roba ko a cusa ta cikin safa. Mafi sauƙi ga ma'aikaci shi ne ya hau da tsofaffin kaya, ya ninke na aiki a leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya ɗaure a kariyar bayan keke, ya sauya idan ya isa. Hula ta ɗinki ma a sa ta a leda, domin duk wanda ruwa ya taɓa dukan kubensa ya san kuɗin wanki da gugar da ya biya kafin ta dawo daidai. Waya da takardu da kuɗi su ma leda, a cikin jaka, ba a aljihun gaba ba. Silifa tana zamewa a kan jiƙaƙƙiyar feda, kuma zamewar ƙafa a lokacin da mutum ya miƙe yana taka hawa tana kayar da shi nan take. A sa kambas ko wani rufaffen takalmi mai kama ƙasa. A cikin jakar kada a rasa ƙaramin famfo, da tiyub guda na ajiya, da sifana, domin faci ba ya kamawa da kyau a jiƙaƙƙiyar roba, masu faci kuma suna tattara kayansu da zarar an fara ruwa.

Mataki na uku: duba sama kafin ka fita

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen yanayi, ana kuma samunsa a waya da rediyo, kuma yana da kyau a duba shi tun da dare. Amma mutumin Bauchi yana da nasa ma'aunin da ya gada: ya dubi gabas. Hadarin wannan yanki yawanci daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma a farkon damina yana da tsari da kowa ya sani. Rana za ta yi zafi mai gumi, gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke gari ya yi tsit, sai kuma iska mai sanyi da ƙura ta taso da ƙarfi, tana kwasar leda da kwanon rufi, bayanta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wannan iska ta farko ta fi ruwan kansa haɗari ga mai keke, domin tana cika ido da ƙasa, tana karya rassan dalbejiya, tana kuma sa kowane direba da mai Keke Napep gudun neman mafaka ba tare da duban kowa ba. Idan ka ji sanyin iskar nan a fuskarka, lokacin neman wurin fakewa ya yi.

Irin wannan ruwa ya fi zuwa da yamma ko da dare, kuma sau da yawa ba ya daɗewa, don haka dawowa daga aiki ta fi tafiya buƙatar lura, jinkirin rabin sa'a a ofis ko a masallaci bayan la'asar kuma yakan wadatar. Ruwan Agusta daban ne: yayyafi ne ko malka da ke iya wuni tana zuba babu iska mai ƙarfi. Shi wannan ba a jiransa, ana shiga cikinsa ne da shiri.

Mataki na huɗu: tafiya a kan jiƙaƙƙen titi

Ka ƙara wa tafiyarka lokaci tun daga gida. Wanda ya saba zuwa cikin gari daga Yelwa ko Gwallameji a wani adadin mintuna, ya ƙara rabin wannan adadin a kai, saboda duk kuskuren da ake yi a ruwa gaggawa ce ke haifar da shi. Da ka fito, kafin ka hau babban titi, ka gwada birki sau biyu ko uku a layinku don ka ji yadda yake kamawa a ranar.

Ga yadda ake tsayawa. Tun kana nesa da inda za ka tsaya, ka ɗan matse birki biyun a hankali don robar ta share ruwan da ke jikin rim, sannan ka ƙara ƙarfi sannu a hankali, kana mayar da nauyinka baya a kan sirdi. Idan ka danne na gaba shi kaɗai da ƙarfi, tayar gaba za ta zame ko ta kafe ta jefa ka ta kan keken. Idan na baya ne kaɗai, tayar baya za ta ja ƙasa ta juya da kai gefe. A gangara, ka riƙa taɓa birkin lokaci-lokaci tun daga sama, kada ka bari gudu ya taru. Bayan ka ratsa ruwa kuma, ka yi 'yar tafiya kana matse da shi kaɗan har ka ji ya dawo.

A kwana da shataletale, irin na Wunti ko na Gidan Mai inda ababen hawa ke cakuɗewa, ƙa'idar ita ce a gama rage gudu kafin a shiga kwanar, a saki birki a cikinta, kuma kada a kwantar da keken kamar yadda ake yi a busasshiyar hanya. Na koyi wannan ne da gwiwata. Wata safiya bayan ruwan dare, sama ta washe har na cire rigar ruwa, na shiga wata kwana da gudun da na saba, ashe ruwa ya shimfiɗa yashi a kan kwaltar. Na taɓa birkin gaba, kafin in ankara ina ƙasa, kayan aikina a cikin kwata. Garin Bauchi duwatsu ne suka kewaye shi, ruwa yana gangarowa daga tudu da ƙarfi ɗauke da yashi da tsakuwa, ya zube su a kwanoni da bakin titi, kuma yashin nan yana nan kwana da kwanaki bayan kwalta ta bushe.

Akwai wuraren da santsinsu ya fi na sauran titi: farin fentin da aka ja a kan kwalta, murfin ƙarfe na magudanar ruwa, ganyen da iska ta kakkaɓo, ledar ruwan sha da aka yar, da kuma inda ka ga ruwa yana ƙyalli da launuka kamar bakan gizo, wanda alama ce ta mai, musamman a gaban gidajen mai da tashoshin mota da garejin makanikai. Ruwan farko bayan kwanaki babu ruwa shi ya fi santsi, saboda yana taso da man da ya taru a kwalta bai kuma kai ga wanke shi ba. Idan ba makawa sai ka bi ta kan irin waɗannan wurare, ka miƙe keken sak, kada ka yi birki, kada ka juya kai har ka wuce. Layin dogo kuma a tsallaka shi a miƙe, taya ta sare shi kamar yadda ake yanka rake, domin idan ka zo masa a karkace jiƙaƙƙen ƙarfen zai ɗauke tayar gaba.

Kududdufi a kan hanya abin zargi ne har sai ka san abin da ke ƙarƙashinsa. Ruwa yana daidaita fuskar titi, ramin da zai karya rim da wanda bai kai tafin hannu ba duk kamarsu ɗaya. Mafi muni shi ne bakin titi inda lambatu ya cika ya haɗe da kwalta, ba a gane inda titi ya ƙare. Saboda haka kada ka manne a can gefe. Ka bar kamar taku ɗaya tsakaninka da bakin kwalta, inda direba zai gan ka, kai ma ka samu wurin kaucewa. Kafin ka kauce wa rami ka waiwaya, ka miƙa hannu ka nuna inda za ka, tun da sauran nisa, sannan ka mayar da hannun kan birki. A unguwannin da babu kwalta, jar laka tana cushewa tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi tafiya; a nan sauka a tura ya fi, a kuma samu ɗan kara a sakace lakar.

Tun shekarar 1972 Nijeriya ke tuƙi ta hannun dama, kuma wannan doka ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kan mai mota. Bin hannun da ba naka ba don gajarta hanya yana sa ka fito wa direba daga inda ba ya tsammani, a lokacin da gilashinsa ke cike da ruwa. A hanyoyin da manyan motoci ke bi, kamar titin Jos da na Gombe da na Ningi, ka nisanci tirela da tanka da tifa: feshin tayoyinsu yana makantar da mutum na 'yan daƙiƙoƙi, iskarsu tana jan keke, kuma direban ba ya ganin wanda ya raɓe a gefensa na dama. Kada ka taɓa shiga tsakanin babbar mota da bakin titi a kusa da kwana. Goyo ma a haƙura da shi a ranar ruwa, domin nauyin mutum biyu ya fi ƙarfin jiƙaƙƙen birki.

Mataki na biyar: sanin lokacin sauka

Abubuwa biyu ba a jayayya da su. Na farko tsawa. Tayar roba ba ta kare mai keke daga aradu ko kaɗan. Idan ka ga walƙiya, ka fara ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji ƙarar. Sauti yana tafiyar kusan kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3, saboda haka idan ƙirgarka ba ta kai 30 ba, tsawar tana cikin kilomita 10 daga inda kake, kuma wannan kusa ne. Ka shiga gini mai rufi da bango, masallaci ko shago ko makaranta, ka jingine keken a waje nesa da jikinka, ka kuma jira kamar minti 30 bayan ƙarar ƙarshe. Gindin bishiya, wanda shi ne inda ƙafa ke fara kai mutum, shi ne mafi munin zaɓi, ga tsawa ga faɗowar reshe. Haka ma ƙarƙashin allon talla da kusa da turakun lantarki. Idan ka ga wayar wuta ta faɗo cikin ruwa, ka juya, ka kuma gargaɗi na bayanka.

Na biyu ruwa mai gudu. Ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, idan yana gudu da ƙarfi yana iya kayar da babban mutum, keke kuma yana ƙara wa ruwan wurin turawa. Idan ruwa ya haura kan kwalbati ko ƙaramar gada, ba ka san ko ƙasan ya zaizaye ba. Ka tsaya tare da jama'a, ruwan gangare yana janyewa da wuri idan sama ta ɗauke.

Mataki na shida: ranar zagaye

Masu shirya zagaye su rubuta wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da 'yan sanda takarda tun da wuri, su bayyana hanya da lokaci da yawan mutanen da suke tsammani, domin a samu masu tsare mahaɗar hanyoyi. A sa lokacin tashi da sassafe, kafin zafin rana ya tara hadari. Kwana ɗaya kafin ranar, mutum biyu su bi hanyar a kan keke, ba a mota ba, su lura da ramuka da inda yashi ya taru da inda ruwa ke kwanciya, su kuma nemi izinin wurare biyu ko uku masu rufi da za su ɗauki jama'ar duka idan ruwa ya tare su. Idan wurin taruwa fili ne, kamar harabar filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ko filin wata makaranta, a san ginin da za a shiga tun kafin a buƙace shi.

A kuma yanke hukunci tun a zaman shiri, a sanar da kowa: yayyafi ba ya hana fita, amma tsawa ko iska mai ƙarfi tana dakatar da zagaye, kuma mutum ɗaya ne ke da ikon faɗin haka. Dalilin yanke wannan tun da wuri shi ne, a ranar, bayan an buga riguna an gayyaci manyan baƙi an kira masu ɗaukar hoto, babu mai son ya zama shi ne ya ce a fasa.

Kafin a tashi, a tsayar da mai gyara ko biyu a bakin wurin taro, kowane keke a matse birkinsa a danna tayarsa. A jera mutane yadda jagora mai usur zai kasance a gaba, wani babba mai haƙuri a can ƙarshe wanda ba zai bar kowa a bayansa ba, yara da sababbin hawa a tsakiya kusa da gaba, manya na gefensu ta ɓangaren motoci. Gudun ayari shi ne gudun mafi rauni a cikinsa. A jiƙaƙƙen titi a bi layi ɗaya, tsakanin keke da keke a bar tsawon keke uku ko fiye, domin idan na gaba ya faɗi, na bayansa da birkinsa ke buƙatar juyi biyu kafin ya kama ba shi da abin yi sai hawa kansa. Na baya ba ya ganin hanya, don haka duk wanda ya ga rami ko yashi ya faɗa da ƙarfi ya nuna da hannu, na bayansa ya maimaita har saƙon ya kai ƙarshe. A hana tsere da sakin hannu da ɗaga tayar gaba da ɗaukar hoto da waya ana tafiya; mai son nuna gwaninta a ware masa lokaci a cikin fili bayan an dawo. Mota ɗaya ta biyo baya da fitilunta na gargaɗi a kunne, ɗauke da akwatin taimakon gaggawa da ruwan sha da famfo, da wurin ɗora keken da ya lalace ko yaron da sanyi ya kama. Jagorori su riƙe lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122, da ta ƙasa baki ɗaya, 112. Idan an fake, a ƙirga mutane. Idan za a sake tashi, a sake ƙirgawa.

Mataki na bakwai: bayan an isa gida

Ka fara da kanka: ka cire jiƙaƙƙun kaya, ka wanke ƙafa da sabulu tunda ruwan titi ya haɗu da na kwata, kuma duk ƙujewa komai ƙanƙantarta a wanke ta da ruwa mai tsabta a sa mata magani. Sannan ka koma kan keken tun lakar ba ta bushe ba. Bokiti ɗaya da tsumma sun isa; kada a kai shi wurin wankin mota a sa masa ruwa mai ƙarfi, domin yana kore giris daga cikin boris na taya da na feda. Ka goge rim da tsumma mai tsabta, ka duba robar birki ka cire tsakuwar da ta maƙale a jikinta, don ita ce ke ƙara kamar ana wasa wuƙa tana kuma cin rim. Ka busar da kaca ka ɗiga mata mai a daren, in ba haka ba da safe za ka tarar ta yi ja. Idan ruwa ya yi wa keken duka sosai, ka zare sirdin ka kifa keken na ɗan lokaci, ruwan da ya shiga cikin bututun ya fita. A ajiye shi a zaure ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, ba a lulluɓe da leda ba. Takalmi kuma a cusa masa tsohuwar jarida a ciki, a canza ta sau ɗaya kafin a kwanta, zuwa asuba zai sawu.